Agogon da Ya Zagayo

Na yi aiki a reshen Talata Mafara na wani kamfanin sayar da wayoyi da tarkacensu. Ƙa'idarsu ita ce, kayan da suka ƙi fita a wani reshe a tura su na gaba. Namu su tafi Bakura, na Bakura su wuce Maradun, na Maradun su sauka wurinmu. Masu kamfanin suna can birni, ba su taɓa tambayar abin da mutanenmu ke nema ba.

Wani dattijo daga Faru ya yi ta zuwa neman ƙaramar waya mai tocila, wadda cajinta ke daɗewa, domin in 'yan bindiga suka shigo garinsu, a daji mutanen garin suke kwana. Kullum sai in ce, "Baba, a leƙo wani mako." Na roƙi a aiko har na gaji, sai ga agogunan hannu masu ƙirga takun masu motsa jiki.

Don haushi na karce kwalin ɗaya da farce. Ya zagaya rassan, ya dawo hannuna, na shaida shi. Dattijon ne bai dawo ba.