Suong da Jar Shinkafar Ƙanwarta

A shekarun da ake rabon shinkafa da kati, unguwar Khanh Hoi da ke gefen tashar jiragen ruwa ta Saigon lunguna ce zalla, wasu ma ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Gidajen na katako ne masu rufin kwano, na bakin rafi kuwa a kan turaku suke tsaye, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu. Famfo ɗaya ke shayar da lungu guda. Katakon da ya raba gida da gida siriri ne ƙwarai, ta yadda abin da maƙwabci ya soya da abin da ya faɗa yana suyar duk sai an ji su.

A nan aka haifi Suong, 'yar farin Baba Nam, wanda ya yi dako a tashar har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifiyarta ta rasu da wuri, Suong ce ta goya ƙanwarta Lai, autar gidan, kuma ita ta riƙe murhu tun ba ta kai tsayin tukunya ba. Da ta girma sai girki ya zama sana'arta. Ba a yin biki ko taron tunawa da mamaci a lungun ba tare da an kira ta ba, kuma tsofaffin unguwar har yanzu suna ambaton namanta da ƙwai da take dafawa cikin ruwan kwakwa. Da ta yi aure, gidan da ke manne da na mahaifinta ta tare.

A ƙarshen rayuwarsa abinci ya fita daga ran Baba Nam. Suong takan tashi da sassafe ta nemo kifi mai rai, ta yi miya mai tsami, ta dafa shinkafa sabuwa ta kai masa da hannunta. Sai ya ɗanɗana, ya yaba, ya ture. Lai kuwa, wadda ke ɗinkin buhu kuma ba wanda ya taɓa yabon girkinta, takan dawo da rana a gajiye ta ɗauko kwantan shinkafar jiya. Ta jiƙa hannu ta murmushe ta har ƙwaya ta rabu da ƙwaya, ta soya tafarnuwa a kasko, ta zuba tumatir ya ƙone kaɗan, ta juye shinkafar, ta ɗiga ruwan kifi mai gishiri, ta yi ta juyawa har ta yi ja. In an dace da bota sai ta sa ɗan kaɗan a ƙarshe. Wannan kam, tsohon yakan cinye ta tas.

Ta bayan katako Suong ke jin komai: ƙarar kasko, ƙamshin tafarnuwa, da muryar mahaifinta yana tambayar Auta ko yau babu jar shinkafa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, kwantan nan shinkafarta ce, wadda ta kai jiya aka ture. Ba ta taɓa yin ƙorafi a gabansa ba. A famfo dai an sha jin tana cewa wasu da ɗumame suke sayen suna.

Baba Nam bai bar ɗa namiji ba, saboda haka da ya rasu teburin magabata, inda ake ajiye wa mamata abinci, ya koma gidan Suong, da hotonsa da kaskon turare. Ranar da rasuwar ta zagayo, dangi suka taru, Suong ta jera akusa har teburin ya cika. Ana shirin kunna turare sai ga Lai da kwano a rufe. Suong ta tare ta a bakin ƙofa, ta ɗaga murfin, ta ga abin da ta yi zato.

"Auta, wannan da shinkafar yaushe kika yi?"

"Ta jiya ce, Yaya. Ai kin san ba ta yiwuwa da wata."

"To ba a ajiye wa mamaci ragowar wasu. Ki tambayi Goggo in ƙarya nake."

Goggo Tu, ƙanwar mamacin, wadda ake komawa gare ta a kan irin waɗannan al'amura, ta tabbatar da cewa haka al'ada take: abin da za a ɗora a teburi sabo ake dafawa, kuma ba a taɓa shi sai turare ya gama ƙonewa. Lai ba ta yi musu ba. Ta dai ce a hankali, "Da ransa yana ci ba ki hana shi ba, Yaya, sai yanzu da ba zai iya magana ba." Ta koma da kwanonta.

Ta fuskar al'ada Suong ce mai gaskiya, maƙwabta ba su saɓa a kan wannan ba. Amma nasarar ba ta kwantar mata da hankali ba, domin a wajen cin abinci hirar jar shinkafa aka yi ta yi, kowa na tuna yadda tsohon ke lashe kwano. Da shekara ta sake zagayowa sai ta ƙudura ita za ta yi wa mahaifinta abin da yake so, kuma ta yi shi yadda ya dace da mamaci. Ta samo shinkafa mai ƙamshi da tumatirin gwangwani da bota mai kyau. Da safe ta dafa shinkafar, ta juye ta cikin kasko tana tururi. Shinkafa mai zafi ruwa ne a jikinta. Tana haɗuwa da tumatir ta cakuɗe, ta kama kasko, ta zama dunƙule. Lokacin turare ya yi, dangi na tsaye, dole haka ta ɗora.

Da aka sauko da abincin, Goggo Tu ta sa tsinken cin abinci a ciki, ta ɗago, kwanon ya nemi biyo ta.

"Ke Suong, yayana da haƙoransa garau ya tafi. Wa ya ce miki kunu yake so?"

Aka yi dariya, dariyar da ba a taɓa yi wa girkin Suong ba. Lai ba ta yi ba. Ta kawo shawarar cewa a dafa shinkafar tun jajibiri da sunan Baba, a rufe ta, kowa kada ya taɓa, ta kwana ta sha iska. Ta haka ta zama kwantai amma ba ragowar kowa ba ce. Goggo Tu ta yi nazari, ta ce ba ta ga inda wannan ya saɓa wa al'ada ba. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Suong ta ƙi. Hujjar da ta bayar ita ce abin da ya kwana ya kwana, ko da sunan wa aka dafa shi, kuma teburin a gidanta yake. Ba ta faɗi sauran ba: in shinkafar ta yi kyau, dabarar Lai ce, in Lai ta soya, hannun Lai ne, ta kowace hanya mahaifinta zai sake ture nata ya ci na Auta, a gidanta, a gaban dangi.

'Yar Suong ta shaida cewa daga baya uwarta ta koyi yin jar shinkafar da kwantai, har ta ƙware, kuma takan yi wa jikokinta. Sau ɗaya wani jika ya ce ta yi daɗi kamar ta Kaka Lai. Ta daɗe ba ta sake yi ba.

Lai ta koma garin Can Tho wurin ɗanta, inda take kunna nata turaren a gaban wani ƙaramin hoto. Ita da Suong suna gaisawa a sabuwar shekara, ba sa ta da zancen. Goggo Tu ta rasu. Suong ta tsufa, teburin yana gidanta, kuma har yau ba a ɗora jar shinkafa ta gaskiya a kansa ba. Wanda zai karɓi teburin bayanta ma ba a tsayar ba tukuna.