Dalar da Harsashi Ya Huda

Habibou tela ne a titin 116 da ke Harlem, mutumin Tasawa, ɗan maharbi. A gida ya tashi yana ganin mahaifinsa na gwada bindiga a jikin tsofaffin kwanoni, har idonsa ya saba da irin bakin da harsashi ke bari a ƙarfe. Da ya zo New York sai ya kamu da son tsofaffin tsabar kuɗi, musamman masu huji, waɗanda ake cewa gwanayen harbi na zamanin da ne suka harbe su a iska a gaban 'yan kallo. Yawancin nasa jabu ne, kuma ya sani. Matarsa Rahina takan ce kowa na neman kuɗi lafiyayyu, shi masu rauni yake tarawa.

Wata Asabar ya kulle shago ya tafi baje kolin tsabar kuɗi a wani otal. Can ya tarar da wata dattijuwa Ba'amurkiya riƙe da dalar azurfa mai huji a gefe. Tana gaya wa dillalai cewa kakanta ne ya cilla ta sama, wata shahararriyar maharbiya ta harbe ta daga kan doki. Suka jujjuya dalar, suka ce aikin ƙusa ne, sun sha ganin irinta.

Habibou ya roƙa a ba shi ya duba. Ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman abu, ya karkata dalar wajen fitila. Bakin hujin ya tsage ya lanƙwashe baya, ga kuma ɗan ɓurɓushin darma manne a ciki.

"Madame, wallahi harsashi ne," in ji shi. "Ƙusa ba ta barin darma. Kuma dalar tana cikin juyawa aka same ta."

Nan da nan aka yi masa zobe, kowa na miƙo hannu a ba shi gilashin. Dattijuwar ta ce shekara sittin ke nan ba wanda ya gaskata kakanta. Kafin su rabu ya kwatanta mata shagonsa. A jirgin ƙasa na komawa Habibou ya dinga ba wani ɗan ƙasar Gana labari har ya wuce tasharsa, sai a can unguwar Bronx ya farga.

Bayan wata biyu sai ga dattijuwar a shagon da takardar masu gwaji, an tabbatar darma ce. Ta kuma zo da wani gwangwani cike da sauran tsabar kakan nata. Habibou ya ture keken ɗinki, ya shimfiɗa ƙyalle a tebur, suka hau dubawa ɗaya bayan ɗaya, masu kayan Salla na tsaye suna mita.