Ranar da zoɓona ya koma kore

Ina tsaye a kan robar zoɓon sunan jaririn ƙanwata, ina kallo jan nan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Ga baƙi sun fara cika gidanmu a Majidaɗi. Har na fara zargin ko wani ya sa mana hannu.

Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, mai koyar da kimiyya a sakandare, ta leƙo.

"Anti, me kika ƙara a ciki?"

"Ruwa ne kawai, na wancan kwanon."

"Ai kanwa aka jiƙa a nan saboda wake."

Ta yanka lemon tsami ta dinga matsawa. Wallahi a gaban idona jan ya dawo a hankali, har ya fi na farko kyau.

"Launin zoɓo yana bin abin da ya tarar," in ji ta. "Kanwa ta juya shi, tsami ya kashe kanwar."

Baƙi suka sha har da neman ƙari. Ni kuwa na daɗe ina kallon kofina. Tun ina yarinya nake dafa zoɓo, ban san Allah ya ɓoye wannan a cikinsa ba.

Ku fa, me ya taɓa ɗaure muku kai a kicin?