Hambali da Idon Salima

Duk wanda amalankensa ya taɓa karyewa a hanyar Cadawa ya san Hambali. Shekara talatin yana gyaran ƙafar amalanke a bakin tasha, kuma ladan wahalarsa ɗaya ne tal: tsire mai ƙuli da yaji, ranar kasuwa. Ni maƙwabcinsa ne, ban taɓa ganin ya yi fashi ba.

Kwatsam likita ya ce hawan jini ne, a bar jan nama da gishiri. Hambali ya ce to, irin to ɗin nan na a rabu lafiya. Sai dai yana da auta, Salima, ma'aikaciyar jinya a Maraɗi. Ba ta sa kowa gadinsa ba, don ba ta da buƙata. Yanzu a garinmu ko akuya ce ta haihu sai an ɗauka an sa a Wasap. Ranar sunan jikan maƙwabcinmu Tahiru wani ya ɗauki bidiyon makaɗa, ga Hambali can baya kumatu cike. Kafin ya haɗiye, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, mi kake taunawa?"

"Goro ne, Auta."

"Goron ne da tsinke?"

Daga ranar ya shiga wasan ɓuya. In ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya, ta gane hular. Ya sake hula, ta gane ƙeyar. Ya hau kabu-kabu har Gazawa inda yake zaton ba a san shi ba, sai Gado mai tsire, don murnar baƙo daga nesa, ya watsa hotonsa yana tallar nama. Na tausaya masa wallahi, amma na yi dariya har da hawaye.

"Da can Allah kaɗai ka ganin mutum," ya ce mini, "Shi ko mai gafara ne. Salima ba ta san wannan ba."

Bara da damina iska ta lalata eriyar garin, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke kwana uku, har da ranar kasuwa. Hambali ya sayi tsinke biyar, ya zauna tsakiyar tasha ya baje takarda a bainar jama'a. Na farko ya ci yana hararar kowa. A na biyu ya ciro waya ya duba, shiru. Ya sake dubawa. Na uku bai ƙare ba ya turo mini sauran, ya ce naman yau lami ne. Ni da na ci na san ƙarya yake.

Ya matsa mini sai da na goya shi a babur zuwa wani tudu a hanyar Agye, inda rezo ke ɗan kamawa. Ya kira ta.

"Auta, na ci tsire. Biyu da rabi."

Ta dinga zuba faɗa, ina jiyo muryarta daga inda nake tsaye. Shi kuwa ya manna waya a kunne, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da ta gaji ta yi shiru, sai ya ce:

"Ƙara, ɗiyata, ina jin ki."