Littafin da Inna Sai-Wata-Uku Ta Hana Ni Karantawa

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaje-gwajen asibitinmu ina jera kwalaben jini, babbar 'yarki ta kira ni ta ce Inna ta cika. Kwana shida kika yi kina jinya, kina da shekara saba'in da uku. Na ajiye abin da ke hannuna na nemi kujera. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba addu'a ba ce. Cewa na yi, shi ke nan, ta tafi ba ta faɗa mini ba. Shekara huɗu ke nan ina bin ki da tambaya guda: me autata ta gaya miki ranar da kika kore ni daga ɗakinki?

Tun kafin in ga fuskarki na san rubutunki. Mata kan zo mana da takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, an rubuta da jan biro: a gwada sukari, a duba ƙarfin jini, a auna sinadaran jiki. Abokan aikina sukan yi dariya, domin mun saba mace ta zo mana bayan mai magani ya gama ɗura mata jiƙe-jiƙe, ba mu saba mai magani ya fara turo ta wurinmu ba. Na tambayi wata daga cikinsu wa ya aiko ta, ta ce Inna Sai-Wata-Uku. Na ce wane irin suna ne wannan? Ta ce ai ba a samun magani a wurinki ranar farko, ko mace ta yi kuka. Littafi kike ba ta, ki ce ta riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke, da abin da ta ci, da yadda ta yi barci, da abin da ya ɓata mata rai, sannan ta dawo bayan wata uku. Ni kuwa mahaifiyata takan ce da "don me" na fara magana a duniya. Asabar ɗin makon na nemo ki, ba ni da wata cuta sai son sani.

Ɗaki ɗaya ne a bayan shagon mai gyaran keken ɗinki. Benci a waje, labule a ƙofa, a ciki kuma kwalaben da suka taɓa zama na alewa, kowace an manna mata filasta an rubuta abin da ke ciki: hulba, kirfa, citta, busasshen na'a-na'a. Kusa da su ga abin awon hawan jini, ga ma'aunin nauyi, ga wani kabad da ba ki taɓa barinsa a buɗe ba. Na jero miki tambayoyi har na ji kunya, ke kuwa ba ki gaji ba. A nan na ji cewa shekara talatin kika yi kina aikin ungozoma a asibiti. Kika ce abin da ya fi ci miki rai a can shi ne minti biyar ɗin da ake ba kowace mace, alhali jikin mace wata-wata yake ba da labarinsa. Da kika ajiye aiki sai kika buɗe wurin da za a saurari labarin har ƙarshe.

Na ga abubuwa a kan bencin nan. Na ga wata mai shekara arba'in da huɗu da ta zo tana neman ganyen da zai rage mata zafin jikin ɗaukewar al'ada, kika dube ta sama da ƙasa, kika tura ta gwajin ciki. Ta tafi tana mita, ta ce kin raina mata hankali. Ashe ciki ne, yaron yana makaranta yanzu. Na kuma ga ranar da wata ta shigo fuskarta ta yi fari fat saboda zubar jini, tana roƙon ko ɗan jiƙo ne, kika rufe ɗakin kika kai ta asibiti da ƙafarki. Ba ki taɓa jin nauyin cewa wannan ya fi ƙarfin kwalabenki ba.

Ban san rana za ta kawo ni bencin a matsayin mai buƙata ba. Auta tana shekararta ta ƙarshe a kwaleji al'adarta ta rikice, sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta gani ba. Ƙuraje suka cika mata fuska, gashi ya fara tsiro mata a haɓa, jikinta ya yi nauyi. Da hannuna na ɗebi jininta har sau huɗu. Likita ta duba sakamakon, ta ce sinadaran jikinta ne suka rikice, ta rubuta ƙwayoyi. Wata biyar ba wani canji. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta daina zuwa makaranta, ta shige ɗaki ta tura ƙofa, in na yi magana amsa ɗaya ce, "To, Umma." Tsorona ba mutuwa ba ce. Tsorona shi ne 'yata tana cikin gidana amma na rasa ta.

Na kawo miki ita, kika ba ta littafi kamar kowa. A nan na tafka kuskuren da sai irina zai tafka. Ni ma'aikaciyar gwaji ce, ba na son sakamako a hargitse. Na karɓe littafin, na ja masa layuka da rula, na raba gidan barci daban, gidan abinci daban. Kullum da safe in tsaya bakin ƙofarta in tambaya, ta ce lafiya, in rubuta lafiya. Da wata uku suka cika na miƙa miki shi ina jiran yabo. Shafi biyu kika duba kika rufe.

"Malama mai gwaji," kika ce, "littafin nan naki ya yi kyau, sai dai babu marar lafiya a ciki. Je ki taya mai gyaran keke hira."

Awa ɗaya da rabi na yi a shagon mutumin nan, yana ta ba ni labarin allurai da bel, ni kuwa kunnena yana jikin bango. Ban ji komai ba sai ƙarar kekunan da yake gwadawa. Auta ta fito idanunta jajur, da sabon littafi a hannu. Kika leƙo ta labule kika ce mini, "Wannan nata ne. In kika buɗe zan sani."

Ba zan ɓoye miki ba yanzu, na neme shi. Na same shi a ƙarƙashin katifa, na riƙe shi, na juya shi gaba da baya. Ba halin kirki ne ya hana ni buɗewa ba, tsoronki ne.

Sauƙi bai zo a guje ba. Kika sa mata lokacin cin abinci sau uku da ba a tsallakewa, da tafiyar ƙafa da safe, da lokacin kwanciya, da shayin na'a-na'a da ɗan hulba. Kika kira likitarta da kanki kuka yi magana, kika ce ƙwayoyin asibiti su ne gaba, naki taimako ne. Wajen wata na takwas al'ada ta fara zuwa kusa da lokacinta. Ba ki taɓa cewa ta warke ba, cewa kike yi ta daidaita, kuma a ci gaba da lura. Ta koma makaranta, ta gama, ta sami aiki. Mutane suna yi mini barka, ni kuwa na san abin da ya rage. Da kowa tana dariya har da ƙyaƙyatawa, da ni kuwa ladabi ne zalla, irin wanda ake yi wa baƙo.

Don haka na dawo kanki. Na zo da tsaraba, na zo da wayo, na yi tambaya ta gefe, na yi ta baya. Ko wani saurayi ne ya ɓata mata rai? Ko wani malami ne ya takura mata? Ki zuba mini shayi, ki bar ni in gama kewaye-kewayena, ki ce, "Tambayi mai littafi." Ni da nake tambayar direban mota dalilin da ya sa ya bi wannan hanya bai bi waccan ba, na kasa yi wa 'yar da na haifa tambaya ɗaya. Ina jin tun a lokacin zuciyata ta san amsar ba za ta yi mini daɗi ba.

Kwana biyar da rasuwarki 'yarki ta sanar cewa kin bar wasiyya a kan kabad ɗin nan. Ashe littattafan da matan da kika duba suka rubuta suka bar miki ne a ciki, kowane a cikin ambulan a liƙe, kin ce a mayar wa kowace nata, kada ko 'ya'yanki su buɗe. Na ga layin mata tun daga bencin har bakin titi, wasu da jikoki a hannu. Auta ta karɓo nata. Da la'asar ina kicin ina yankan albasa ta shigo ta ajiye shi a gabana.

"Umma, Inna ta ce duk ranar da na ji zan iya, in ba ki."

Abin da na yi shekara huɗu ina nema ga shi a gabana, amma hannuna ya ƙi zuwa. Na ce, "Ke faɗa mini da bakinki."

Ta faɗa. Tun farkon rikicewar jikinta, da nauyi ya fara hawa, ta shiga ƙin cin abinci, tana zubar da wanda nake kai mata ɗaki, tana shan wani maganin rage ƙiba da ta saya ta waya. Ƙwayoyin likita kuwa ko ɗaya ba ta haɗiya ba a wata biyar ɗin nan, don wata ƙawa ta ce mata suna ƙara jiki. Na ce don me ba ki faɗa mini ba? Ta ce abin ya fara ne ranar da ta gwada wata shuɗiyar riga a gaban baƙi ta ƙi shiga, na ce in aka ci gaba a haka sai mun kira kafinta ya faɗaɗa ƙofa. Kowa ya yi dariya, har da ita. Wallahi Inna, ban tuna ranar ba. Ita kuwa ta tuna wanda ya zauna a kowace kujera. Kuma ba sau ɗaya ba ne, irin wannan barkwancin abin bakina ne, ina ɗauka wasa nake da 'yata. Ciwon ba ni na sa mata ba, ta nanata mini haka, ke ma kin nanata mata. Amma ni na sa ta ɓoye shi a inda magani ba zai kai ba.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarki. Na roƙe ta gafara, ta ce ta daɗe da yafewa, faɗar ce ta gagare ta. Muka zauna a ƙasan kicin muna magana har girkin ya ƙone, kuma a ranar ta yi mini dariyar da na yi shekaru ban ji ba.

Yanzu wata tambayar ce ke damuna, kuma ba mai amsa mini. Ta yaya kika iya? Shekara huɗu ina zuwa ina zargin samari da malamai, kina kallon mai laifin tana shan shayinki, ba ki taɓa ko yi mini gatse ba. Da kin faɗa mini da na ji kunya na kare kaina, na san halina. Kin bar maganar a hannun mai ita har ta yi ƙarfin ɗaukarta. Wannan rubutun ma sai da na karanta wa Auta kafin in fitar. Ta yarda, ta soke layi biyu, ban tambaye ta dalili ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu da jikokinki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, da maƙwabcinki mai gyaran keke wanda har yau yake share gaban ɗakin kowace safiya, da dukan matan da suka taɓa zama a bencin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa asirin matan da suka amince miki, har da na wadda ba ta san kina rufa mata ba, Allah Ya rufa naki ranar da za a buɗe littafin kowa. Amin.