Fiffike Mai Lamba Takwas

Shekarun baya, lokacin da Abuja ke tashe, ko'ina ka duba ana haƙa harsashin gini, ma'aikaci kuma bai rasa tafiyar bita ƙasar waje sau biyu a shekara, na taɓa shiga wani wasa da har yau in na faɗa sai a kalle ni a yi dariya. Wasan hawa allo a kan ruwa, iska na tura ka. Ni fa, Bakanon da bai koyi iyo ba sai da ya haura talatin, ga tumbi ya fara leƙowa. Ku yi dariyarku tun yanzu, don gaba babu abin dariya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, allo ne dogo kamar ƙyauren ƙofa, da doguwar sanda a tsakiyarsa, an ɗaura mata wani ƙaton ƙyalle na roba. Mu fiffike muke ce wa ƙyallen. Za ka tsaya a kan allon, ka jawo fiffiken daga ruwa da igiya, ka kama mariƙinsa, iska ta cika shi, sai tafiya. Wani Bature injiniya ne ya koya mana a wani dam da ke bayan gari, ni da abokina. Da kwangilarsa ta ƙare zai koma gida, sai ya bar mana alluna biyu masu faɗi da fukafukai biyu ƙanana masu lamba biyar.

Abokin nan nawa Bazazzage ne, hawa ɗaya muke a ma'aikata, gidajenmu kuma layi biyu ne tsakani a Gwarinpa. Kun san tsakanin Bakano da Bazazzage, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Siriri ne, mai sanyin magana, irin mutanen da in sun sayi rediyo sai sun karanta takardar cikin kwalin tas. Ni kuwa ban da haƙurin wannan.

A wasan nan tafiya iri biyu ce. Akwai bin iska, ta tura ka inda ta nufa, wannan ko wawa ya iya cikin sati biyu. Akwai kuma komowa, wato ka nufi inda iskar ke fitowa. Nan aikin yake. Abokina ya yi wata da watanni yana faɗuwa yana tashi har ya iya. Ni da na gwada sau uku na sha ruwa, sai na samo dabara irin ta manyan Abuja. In sa direbana ya zagaya da mota can ɗaya gaɓar, inda iska ke kai mutum. In hau allo in sheƙa a guje, in isa, mu ɗora kaya a saman mota, a dawo da ni ina shan lemo. Har alfahari nake da wannan wayon.

"Bakano, wannan ba iyawa ba ce," in ji shi wata rana, muna zaune a bakin ruwa. "Kaya ma in ka ɗora a allon nan iska za ta kai shi can. Zo in nuna maka, ba wuya. Ba a tunkarar iska gaba da gaba. Yanka ta za ka yi a karkace, ka yi nisa, ka juya, ka sake yankawa ta ɗaya gefen, kamar yadda jaki ke hawa tudu da kaya. Ka tura wuƙa ƙasa, ka ja fiffiken baya kaɗan, ka danna ƙafar baya, idonka na inda za ka."

Wuƙa wani katako ne da ake turawa ta ƙasan allon ya shiga ruwa, shi ke hana allon zamewa gefe. Na ce masa, "Malam, ku Zazzagawa wahala ce ba ta isar ku. Ina da mota, ina da direba, me zai sa in yi kokawa da iskar Allah?"

Ya yi dariya ya ce, "Ranar da babu mota fa?"

Na ce ranar sai in kwana can.

Ana nan sai aka tura ni wata bita ƙasar waje. Na shiga wani kantin kayan wasan ruwa, idona ya faɗa kan wani allo ɗan siriri, ja, mai sheƙi, irin na gwanaye, ba shi ma da wuƙa. Na ce a naɗe. Na tambayi fiffike mafi girma da suke da shi, aka kawo mai lamba takwas. Mai kantin ya tambayi nauyina da irin iskar wajenmu, ya ce allon nan da fiffiken nan ba sa tafiya tare, balle ga wanda bai ƙware ba. Na ɗauka raini ne. A lokacin ai a garin nan komai babba ake so, mota babba, gida babba, janareto babba. Na ce a naɗe duka biyun.

Da abokina ya ga kayan bai tsokane ni ba, abin da ya kamata ya ba ni tsoro ke nan. Ya ɗaga allon da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Mutumina, wannan allon ba zai ɗauke ka a tsaye ba, sai yana gudu. Kana tsayawa zai nutse da kai. Fiffiken nan kuma in ya kwanta a ruwa ana iska mai ƙarfi, ko ku biyu ne ba za ku ɗaga shi ba. Ka sa ƙaramin fiffike a babban allo tukuna, ka koyi komowa. Wannan ka ajiye shi sai baɗi."

"Hassada ce," na ce. "Kai ka ci gaba da yawo da ɗankwalin matarka."

Haka nake kiran fiffikensa mai lamba biyar. Wallahi sau nawa na maimaita wannan maganar a raina tun daga lokacin, ban san adadi ba.

Ranar Asabar ce, farkon damina, bayan azahar. Iska na busowa daga gabas mai daɗi. Na hau sabon kayana, da ƙyar na tashi, amma da fiffiken ya cika, kai, ban taɓa jin gudu irin wannan ba. Na wuce abokina ina masa ihu. Shi yana can sama, wajen da iska ke fitowa, yana ta yanke-yankensa a natse cikin rigarsa ta ceto mai ruwan lemo. Na hango hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, na kuma ga masunta sun ja kwalekwalensu gaɓa. Na ce bari in ƙara zagaye ɗaya.

Iskar gaban hadari ba ta sallama. Lokaci ɗaya ta bugo, ta fizge mariƙin daga hannuna, na faɗa ruwa. Na lalubo allona na rungume, ina tari. Da na ɗago kai sai na ga allon abokina yana tahowa wajena, iska na mirgina shi, babu kowa a kai.

Na duba sama. Can na hango rigar nan mai ruwan lemo, nisan bai fi filin ƙwallo biyu ba. Ya ɗaga hannu ɗaya. Daga baya aka gane iskar ce ta wurga shi gaba, kansa ya bugi sandar. A lokacin ni dai na san abokina bai taɓa sakin allonsa ba, kuma hannun da ya ɗaga ba na gaisuwa ba ne.

Na hau allona na miƙe, ya nutse da ni har gwiwa. Na kama igiya na ja, fiffiken ya cika da ruwa, kamar ina jan buhun siminti daga rijiya. Na ɗago shi rabi, iska ta kama shi ta maka ni ta ɗaya gefen. Na sake hawa. Na sake ja. Sau ɗaya na samu ya tashi, na kama mariƙin, na ce yau sai komowa. Ina ta tuno maganarsa, ja baya kaɗan, danna ƙafar baya, tura wuƙa. Ina wuƙar take? Allon gwanaye na saya. Maimakon in nufi wajensa, sai allon ya juya hanci ya bi iska da ni a guje, irin tafiyar da na saba, irin wadda kaɗai na iya. Na saki na faɗa da gangan don kar in ƙara nisa.

Duk faɗuwa ɗaya, iska na ƙara jana baya, ni da kayana, shi kuwa yana nan inda yake, igiyar ruwa na marin fuskarsa. Ina kiran sunansa, iska na mayar mini da muryata. Ina cewa, "Ina zuwa! Riƙe, ina zuwa!" Babban allonsa mai wuƙa, mai ɗankwalin da nake wa dariya, ya wuce ta gefena, bai fi taku ashirin ba. Da na yi iyo na kama shi, da shi ne daidai wannan iskar. Amma ko na kama, me zan yi da shi? Ban iya ba. Tafin hannuna ya tsage, jini na bin igiya, ban ma ji ba. Na ga hannun nasa ya sake tashi. Na ga ya tashi rabi. Daga nan sai rigar kawai nake gani, tana hawa tana sauka.

Iska ta kai ni inda ta saba kai ni. Direbana na tsaye a bakin ruwa, ya riƙe tawul, ruwan sama na dukansa. Yana ganin fuskata ya ce, "Oga, lafiya? Ina Yallaɓai?" Na nuna masa can inda rigar take. Shi ya ruga ya roƙi masunta, mutum biyu suka yarda suka shiga bayan iskar ta ɗan lafa. Suka kawo shi kwance a cikin kwalekwale. Rigar ta riƙe shi a saman ruwa, amma ba ta riƙe masa fuska ba. Mun danna ƙirji, mun yi duk abin da muka sani, mun kai shi asibiti. Likita ya duba shi bai fi minti ɗaya ba, ya ja zane ya rufe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Washegari muka kai shi Zariya. A wajen zaman makoki labari ya riga ni isa, wai na yi ta kokawa da ruwa don in cece shi har hannuwana suka yayyage. Mutane na ta riƙe hannun nawa mai bandeji suna sa mini albarka. Mahaifiyarsa ta sa aka kira ni cikin gida. Ta ce, "Ɗana, an faɗa mini abin da ka yi. Allah ya saka maka. Kwanansa ne ya ƙare, kar ka sa wa ranka komai." Na durƙusa ina cewa amin, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da zan fita, matarsa ta tsayar da ni a soro, tana riƙe da 'yarsu ta goye. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Alhaji, abu ɗaya nake so ka faɗa mini don Allah. Ya daɗe yana wahala?"

Na ce, "A'a. Nan take ne. Bai ma san abin da ya faru ba."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta juya ta koma ciki.

Na yi imani da ƙaddara, kar wani ya zo mini da wa'azi a ƙasan rubutun nan, na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta hana mutum sanin abin da ya ƙi koya. An nuna mini, kyauta, da lallashi, na mayar da abin wasa. An ce kayan nan sun fi ƙarfina, na ce hassada ce. Abin da na fahimta shi ne, wuyar da kake zagayewa yau, kana ganin kanka kawai ka cuta in ma cutar ce, ba ka san wa zai zo yana buƙatar ta a hannunka ba. Ni ban taɓa kawowa a raina komowa za ta yi wa wani amfani ba. Na ɗauka don in dawo da kaina ne kawai.

Bayan arba'in na koma dam ɗin. Matata ta yi kuka, ta ce na haukace, ban kula ta ba. Jan allon da babban fiffiken na sa aka kai su can ɗakin ajiya, ban sake taɓa su ba. Tsohon allona mai faɗi na ɗauka da mai lamba biyar, na sallami direba, na ce in na kasa dawowa in tako da ƙafa. Na tako da ƙafa sau da yawa, ina jan allo a cikin laka, makiyaya na kallona suna mamaki. Duk Asabar, har damina ta fita, wata ta shigo. A hankali na iya. Ba wuya, kamar yadda ya ce.

Wata rana a damina ta biyu, aka yi iska irin ta ran nan, ko ma ta fi. Na bari ta kai ni daidai inda na fara faɗuwa, don na san wurin, akwai wani busasshen itace da ke fitowa daga ruwa a gefen. Na duba agogo. Na tura wuƙa, na ja fiffike baya, na yanka hagu, na juya, na yanka dama, na sake juyawa. Na isa inda ya ɗaga hannu. Na sake duba agogo, sannan na zauna a kan allon na yi kukan da ban yi a Zariya ba. Daga ranar ban ƙara hawa ba.

'Yar tasa yanzu tana jami'a, Baba take ce mini. Mahaifiyarta har yau ta san nan take ne, kuma ba zan taɓa gyara mata ba. Amma ni na san ya fi minti ashirin yana ɗaga mini hannu. Tsakanina da shi kuwa tafiyar minti shida ce.