Shirin Asabar da Numfashina

Shekara goma sha bakwai na yi ina gaya wa mutane yadda za su yi da kuɗinsu. A banki na fara, na bari na koma ba 'yan kasuwa shawara, na rubuta littattafai biyu kan tattali da jari. Amma ba wanda ya san ni don littafi. Rediyo ce ta fito da ni, rabin awa duk Asabar da hantsi a wata tasha a Kano. Mai shayi ya aiko tambaya, uwar adashi ta aiko, ni kuma in amsa in haɗa da 'yar tsiya. Ba zan ɓoye ba, ina ji da muryata. Ko a layin banki na yi sallama sai wani ya waiwayo.

Da matata ta samu gurbin digiri na uku a Kuala Lumpur sai na biyo ta, bisa sharaɗin ba zan ajiye shirin ba. Muka kama gida a hawa na sha huɗu a unguwar Danau Kota. Ɗakunan amsa kuwwa suke yi, don haka cikin sif ɗin kaya nake shigewa in ɗauki murya, tsakanin atamfofinta da manyan rigunana, in gama in tura wa mai tsara shirin, wani dattijo da muka fara tare. Ita kuwa ta samu abin tsokana. "Malam, ranar da mutanen Kano suka ga wannan studio ɗin sun daina jin shawararka," in ji ta.

Annoba ta zo aka kulle gari. Tambayoyi suka ninka, kuma suka canza. Waɗanda a da ke tambayar inda za su sa riba yanzu tambaya suke wanne za su fara sayarwa, keken ɗinki ko akuya. Na ji a raina ba a taɓa buƙatata kamar lokacin ba.

A shekara ta biyu cutar ta same ni. Na yi kwana goma sha biyu a asibiti da robar iska a hanci. Na fito da raina, alhamdu lillahi, amma numfashin bai biyo ni gida ba. Ranar da na koma cikin sif, jimla ɗaya sai na tsaya sau uku. Da na saurara haki kawai nake ji, kamar wanda ya hau tudu da buhun gero. Sai na zauna gaban kwamfuta ina bin hakin ɗaya bayan ɗaya ina yankewa. Kwana biyu na ci a kan shirin rabin awa. Da na gama babu haki, amma kalmomin sai karo da juna suke yi.

Matata ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne. Ka huta mana, shirin ba guduwa zai yi ba." Na daka mata tsawa, ita da ta ajiye karatunta tana jinyata. Har yau ina jin kunyar wannan tsawar.

Duk da haka na tura. Washegari dattijon ya kira. "Ranka ya daɗe, ka bari ka ƙara warwarewa. Muna da tsofaffin shirye-shiryenka a ajiye, za mu riƙa sakawa kafin nan." Na ce masa ba za ta saɓu ba. An yi su ne tun kuɗi na da albarka, mutane ba yara ba ne, mako biyu ba za a yi ba sai sun cika tashar da ƙorafi. Gaskiyar magana, addu'a nake yi su yi ƙorafin.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, shiru. Duk Asabar bayan la'asar ɗinmu, daidai hantsin Kano, sai in kunna tashar a waya in ji mutumin nan, ni ɗin da, yana zuba, yana dariya, yana ba da misali da farashin da tuni ya zama tarihi. Ba wanda ya lura. Na tsane shi, kuma na kasa kashe wayar.

A wata na huɗu na ɗauki sabo, ban yanke komai ba. A hankali na yi magana, na amsa wa wani tela da ya sayar da kekensa yana tambayar ta ina zai sake farawa. Ban ba shi amsar littafi ba, don lokacin ni ma na san yadda ake rasa abin sana'a. Ina ganin ban taɓa faɗin magana mai amfani kamar wannan ba.

Dattijon ya kira, ya ja gaisuwa har na gane. Ya ce, "Masu ɗaukar nauyin shirin sun saurara, sun ce a ci gaba da tsofaffin. Amma kada ka damu, ba za a taɓa albashinka ba." Kamar kuɗin nake tambaya. Tela bai taɓa jin amsarsa ba, ni kuma ban sake tura komai ba.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga shagon ƙasan gidanmu, na zauna a benci kusa da lif ina mayar da numfashi. Sai ga maƙwabciyarmu, 'yar Zariya, matar wani malamin jami'a. Ta rusuna ta gaishe ni daga nesa, takunkumi a fuskarta.

"Malam, Innata ta kira daga gida, ta ce in gaishe ka. Ta ji ka ranar Asabar, wai ashe ƙarya ake yi da aka ce ba ka da lafiya. Ta ce muryarka garau, ko tari babu."

Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, iskar da ke ƙirjina ba ta kai ba.

Na ce, "Ina amsawa."